Shekarar da Aka Aike Ni Ƙirgar Kurmi

Ƴaƴana, kun daɗe kuna jin labarin ɗingishin kakanku Arzika daga bakina, kuma kowace shekara labarin ƙiba yake ƙarawa. Na ce muku zaki ne ya kama shi a ƙafa. Da ƙannenku suka taso na mayar da zakin biyu, har akwai shekarar da na ƙara kura tana tsugune a gefe tana jiran rabo. Babu zaki. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin zaki ba sai fatarsa a kasuwa, ita ma ina zaton ta jan sa ce. Yanzu gwiwoyina sun gaji, bakina ma ya soma gajiya, ga shi na ji wasunku suna maganar a sare gefen kurmi don a faɗaɗa gona. Shi ya sa zan faɗi abin yadda ya faru, sau ɗaya, ba gishiri. In kun ga na ɗan zame, ku yi haƙuri, hali ne.

Shekarata goma sha biyar a lokacin, ko kusa da haka. Ƙauyenmu bai kai rabin yadda kuke ganinsa ba: gida talatin, rijiya ɗaya, masallacin zana. Tafiyar hantsi ce zuwa Dakoro, wadda ita ma ba ta wuce mashaya da ƴan bukkoki ba. Gabas da mu akwai tudun rairayi, tsakanin tudun da gidajenmu kuma kurmi. Ƙirya ce da marke suka fi yawa, sai aduwa da gawo, da tsamiya uku a tsakiya. Waɗanda suka kafa garin gudun rairayi suka yi, don ya cinye musu gari ɗaya a arewa har ya rufe bakin rumbuna, saboda haka ranar da suka sauka nan suka yi doka a kan kurmin. Mata su tsinci busasshen itace, awaki su ci abin da ya faɗo, yara su ɗebi aduwa, amma gatari ba ya shiga. Gidanmu aka ba tsaron dokar, daga kakana ya faɗo hannun Baba.

Ni kuwa sana'ata daban. In na ga zomo a daji, kafin in iso gida ya zama barewa, in na tarar da baƙi a zaure ya zama raƙumi. Na taɓa rantse wa ƴan mata a bakin rijiya cewa na ga kaska ta ɗauki ɗan maraƙi ta yi daji da shi. Kowa ya san ƙarya nake, kowa kuma yana so in ƙara. Mutanen garinmu suna shan wahala, dariya tana musu wuyar samu, ni kuwa ina bayarwa kyauta. Mutum ɗaya ne ba ya dariya, Baba. Ba don fushi ba, shi dai bai taɓa tsayawa ya saurara ba. A ganinsa wasan yara ne da ke tsayawa a ƙofar gida, in aka zo aiki kuma a ajiye shi.

Ƙarshen damina ta wannan shekara rijiyarmu ta rufta. Itatuwan da aka jera a cikinta don tare rairayi sun ruɓe tun tuni, ruwan sama ya ƙarasa su. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki, guga biyu kawai ta haɗiye. Daga ranar mata suka koma ɗebo ruwa a rijiyar Fulani, su fita bayan asuba, su dawo rana ta take, tulu ɗaya kowace. Maigari Bawa ya aika aka kira Jatau, mahaƙin rijiya daga wajen Korahane, wani gajere mai faɗin ƙirji wanda yake kallon kowane itace kamar yadda mahauci yake kallon rago. Manya suka yi ta zama a zaurenmu, don Baba ba ya iya fita. Kurkunu ne ya fito masa a idon sawu, mai tsawon igiyar rijiya. To, ba zan zame ba: kamu biyu ne da ɗan kai. Kullum da safe Inna takan naɗe abin da ya leƙo a jikin ɗan tsinke, kaɗan-kaɗan, don kowa ya san in kurkunu ya tsinke a cikin ƙafa an shiga uku. Abin da manyan suke tattaunawa ban sani ba, ban kuma nema ba.

Wata safiya Baba ya kira ni. Ya miƙo mini buhun fata da damin kaba da aka tsattsaga sirara.

"Nomau, ka shiga kurmi ka ƙirga mini itatuwa. Manya kawai, wanda hannunka ba ya zagayewa. Kowane ɗaya ka ɗaura mishi kaba, ka jefa ƙwallon aduwa ɗaya cikin buhu. Kar ka tsallake, kar ka maimaita."

"Baba, na mi ne?"

"Na aike ka ne, ban ce ka yi mini tambaya ba."

Baba ba mai bayani ba ne. Na sha cewa a raina da ya ƙara kalma biyar da ƙafarsa ta tsira, amma wannan neman mafaka ne, don aikin da ya ba ni a fili yake ko da ban san dalili ba.

Na fara da gaskiya, wallahi. Na ɗaura kaba, na jefa ƙwallo, na ɗaura, na jefa. A itace na ashirin da bakwai ƙaya ta soke ni, na zauna cirewa, sai ga gafiya ta fito daga rami tana dubana kamar ta san ni. Na bi ta. Daga gafiya na faɗa kan saƙar zuma a kogon gawo, daga zuma na koma gindin tsamiya don in huta kaɗan, ban farka ba sai da inuwa ta juya. Ga buhu kusan wofi, ga damin kaba kamar ban taɓa shi ba. Sai dabara ta zo mini. Kun san akuya in ta ci aduwa, sai ta kwanta tana tuƙa take tofar da ƙwallon. A bakin kurmi akwai makwancin awakin gari, ƙwallayen aduwa a wurin kamar tsakuwa. Na durƙusa na cika buhu da hannu biyu har ya ƙi ɗauruwa. Kabar kuwa na cusa ta cikin ramin gafiya, na ce ta yi shimfiɗa.

Na iso gida bayan la'asar na tarar zaure cike: Maigari, Liman, Jatau, da dattawa kamar takwas. Ban taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba. Na sauke buhu a tsakiya da nishi, kamar wanda ya ɗauko dutse.

Maigari ya ce, "Ɗan Arzika, nawa ka samu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, dubu. Dubu cif, ban da wata ƙirya da ta ƙi tsayawa in ɗaura mata."

Na tsaya ina jiran dariya. Da ƴan mata ne da tuni sun riƙe ciki. Babu wanda ya motsa. Liman ya kwance buhun ya zube ƙwallaye a tabarma ya soma jera su goma-goma, ya kai ɗari uku, ya dubi tulin da ya rage, ya ce ai ba sai an ƙarasa ba. Wani dattijo, Allah ya jiƙansa, ya ce a yi hattara, yaron ga bakinsa ya fi shi girma. Sai Baba ya ɗago daga inda yake kishingiɗe.

"Wasansa a waje yake yi. In na aike shi, aikina yake yi. Na tsaya mishi."

Liman ya gyara zama ya ce to magana ta ƙare. Abin da aka yanke tun jiya shi ne, tun da larura ta zo, za a fitar wa kurmi zakka kamar yadda ake fitar wa hatsi, dami ɗaya cikin goma. Ɗaya cikin goma ba ya kashe rumbu, ba zai kashe kurmi ba. Jatau ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Ɗari ke nan. Ɗari nake nema daidai. Gobe da sassafe gatari."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Bakin da bai taɓa rufuwa ba tun da na koyi magana, ranar ya rufe. Na dubi Baba, na ga yadda ya koma ya kishingiɗa da sauƙin zuciya, kamar an sauke masa kaya. Na ce a raina wataƙila ma sun kai dubun, wa ya sani? Babu wanda ya taɓa ƙirga kurmi. In ka shiga cikinsa duhu ne ko'ina, sai ka ɗauka ba shi da iyaka.

Washegari Jatau ya shiga da majiya ƙarfi goma sha biyu. Ya fara daga gefen gabas, wajen tudu, don can ne manyan ƙirya suke, miƙaƙƙu. Ni aka sa kai musu ruwa. Ƙirya itace ne mai taurin kai, gatari yana dawowa daga jikinta kamar ya bugi ƙarfe, amma mutanen da matansu ke tafiyar rabin yini don tulu ɗaya ba sa jin gajiya. Ranar farko goma sha takwas suka faɗi. Ina ta ba su labarai suna dariya, har na ce musu wata ƙirya ta yi mini sallama kafin ta kwanta. Rana ta biyu da hantsi na ɗaga kai daga inda nake zuba ruwa, sai na hango farin tudu ta tsakanin itatuwa. Tun da nake ban taɓa ganin tudun daga cikin kurmi ba. Iska ta taso kaɗan, na ji rairayi a haƙorana.

Kakata Kuluwa, uwar Baba, ita ta kama ni. Tsohuwa ce ƴar firit, kullum tana cikin kurmi tana tsintar itace, ta san kowane ɗaya fiye da yadda ta san kishiyoyin ƙuruciyarta. Wasa muke da ita irin na kaka da jika, ta kira ni mijinta, in ce na sake ta. Ranar ta same ni a gindin tsamiya ina riƙe da tulu.

"Kai, mijin banza. Zo nan."

"Tsohuwa, in abinci kike nema yau ban yi cefane ba."

"Kabar da ubanka ya ba ka, ina take?"

"Tana jikin itatuwa mana."

"Jikin itatuwa. Tun safe nake zagaye da ƙafafun ga nawa. Na ga kaba daga bakin hanya zuwa ramin gafiya, ashirin da bakwai. Daga nan itatuwan tsirara suke. Ko awaki sun hau sun cinye?"

Na buɗe baki zan ce e, awakin bana sun koyi hawa. Ta ɗaga mini hannu.

"Kar ka fara. Ni ban iya dubu ba, amma na iya ido. Kurmin ga bai kai ɗari biyu ba ko an haɗa da ni. In suka cire ɗari, mi ya rage? Ni na ga rairayi ya shiga ɗakin uwata har bakin gado. Kai ba ka gani ba, shi ya sa kake wasa."

"Kaka, ke ki faɗa mishi."

"Ni na cika buhu? Ka tafi da ƙafarka. In ka tsaya cin tuwon rana, ƙirya biyu sun ƙara faɗuwa."

Tsakanin tsamiya da zaurenmu ba nisa, amma ranar na yi tafiyar da ta fi ta Agadas. Ina jin saran gatari a bayana, kowane sara kamar ana ce mini yi sauri, ƙafafuna kuwa suna cewa a'a. Na san abin da ke jirana ba bulala ba ce. Bulala da sauƙi. Mutumin da ya tsaya mini a gaban Maigari zan je in gaya wa ya tsaya wa iska.

Na same shi shi kaɗai, ƙafa a miƙe bisa turmi. Na durƙusa na faɗa masa duka, har gafiya, har makwancin awaki. Karon farko a rayuwata na ba da labari ban ƙara komai ba, kuma ya fito gajere ƙwarai. Baba bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙafarsa.

"Nawa suka sare?"

"Ban sani ba, Baba."

"E. Ba ka sani ba." Ya numfasa. "Kawo jaki."

Inna ta fito da gudu tana cewa Malam ƙafarka, a aika yaro mana. Ya ce yaro aka aika tun farko. Ya ce babu wanda zai ajiye gatari don maganar Nomau, yau ko gobe. Muka ɗora shi a kan jaki, na ja. A bakin kurmi jaki ya tsorata da wani marke da ke faɗuwa, ya yi tsalle gefe, Baba ya sauko a kan ƙafar mai ciwo, tsinken da aka naɗe kurkunu ya maƙale a ƙaya. Na ga abin da ya faru, shi ma ya gani. Farin zaren nan ya tsinke, ragowar ya koma ciki. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba.

"Jatau! A ajiye gatari! Lissafin da na tsaya wa ƙarya ne."

Talatin da ɗaya suka riga suka faɗi.

Da yamma aka taru a fili, maza da mata, don wannan karon mata sun ƙi zama a gida. Aka sa ni na maimaita a gaban kowa. Da na zo wurin makwancin awaki wani ya fashe da dariya, matarsa ta harare shi ya haɗiye. Maigari ya ce kafin a yi wata magana sai an san gaskiyar abin da ke kurmi, kuma ba yaro ɗaya zai ƙirga ba. Kwana uku aka yi ana aikin. Mutum uku suke tafiya tare: ni in ɗaura kaba, Liman ya jefa ƙwallo a ƙwarya, Kaka tana biye tana faɗin sunan itace da abin da ta sani a kansa, wannan tsawa ta taɓa tsaga shi, wannan aduwarsa ɗaci, wannan gawon shi ya riƙe awaki shekarar da damina ta yanke. Bayan haka aka ɗauko igiyar tsohuwar rijiya aka zagaye kurmin da ita, duk inda igiya ta ƙare a kafa turke, aka ce in ruwa ya sauka a dasa gamba daga turke zuwa turke don iyaka ta zauna. Gambar da kuke gani ke nan, wadda kuke cewa ta tsare muku gona. Da aka zube ƙwarya, ɗari da talatin da huɗu ne a tsaye. In aka haɗa da waɗanda suka faɗi, ɗari da sittin da biyar. Zakkarsu goma sha shida da rabin itace. An riga an ci kusan ninki biyu.

Jatau ya ce shi lissafi bai dame shi ba, rijiya ba ta san zakka ba. Yana bukatar sittin da tara nan gaba, in babu zai tattara kayansa. Sai wata mata, Tabawa, maƙwabciyarmu, ta miƙe. Tana da goyo, ga wani cikin.

"Maigari, inuwa muke sha ko ruwa? Ku duba wuyana. Ku sare, in rairayi ya zo mu share."

Mata da yawa suka goyi bayanta, kuma ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba. Kaka ta ce rairayi ba a share shi, tashi ake yi a bar masa gari. Aka yi ta cacar baki har rana ta yi ja. Baba yana zaune a ƙasa, ƙafar ta riga ta soma kumbura, gumi yana zuba masa. Ya roƙi a ba shi magana.

"Laifin ga na gidana ne. Ni na aika, ni na tsaya. Akwai ƙirya a kwarin kudu, tafiyar kwana biyu, ba ta kowa ba ce. Sittin da taran nan gidana zai kawo su. Ga takarkarina, ga ɗana. A bar kurmi."

Maigari ya tambayi tsawon lokacin da hakan zai ɗauka. Jatau ya ce da sa ɗaya, wata uku, in an yi sa'a. Da an sare a kurmi, kwana ashirin an sha ruwa. Kowace mace a wurin ta yi wannan lissafi a kanta, ba ta bukaci ƙwallon aduwa ba. Maigari ya ce a bar kurmi.

Ba wata uku aka yi ba, huɗu ne da kwanaki. Wannan ban ƙara ba, in ma na yi wani abu ragewa na yi. Ni da wani ɗan ƙanen Baba muke tafiya, mu sare, mu feƙe rassa, mu ɗaura gungume biyu a bayan sa, mu jawo su cikin rairayi. Kwana biyar zuwa da dawowa. Daga baya gidaje uku suka tausaya suka ba da shanunsu, ba don ni ba, don matansu. Kafaɗuna suka yi kanta, tafin ƙafata ya tsage har ina cusa kitse a ciki. A hanya babu wanda zan ba labari, ɗan'uwana ba ya mini magana, takarkarin kuwa ya ji duk labaraina ya ƙoshi. A tafiya ta goma sha tara ya durƙusa a gangaren wani tudu bai ƙara tashi ba. Muka yanka shi a wurin. Shi ne sa ɗaya da muke da shi.

Amma abin da ya fi mini nauyi ba gungume ba ne. Duk ranar da na dawo gari nakan haɗu da jerin mata suna dawowa daga rijiyar Fulani, Inna a can baya ita kaɗai, babu mai tafiya kusa da ita. Da can ita ce mai waƙa a gaban jeri. Tabawa ta haihu a hanyar ruwa, ƙarƙashin wata magarya, Allah ya raya yaron, amma shekara biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba. Takan zuba mini ruwan wanke ƙafa daga tulun da ta ɗauko tun safe, in ce ta bari, ta ce in rufe mata baki.

Ƙafar Baba ta kumbura kamar turmi, ta fashe, ta yi ruwa wata biyu. Wanzami ya tsaga ta sau uku. Da ta warke idon sawun ya ƙage, bai ƙara lanƙwasuwa ba. Ranar da aka fara jan ruwa a sabuwar rijiya, da sanda ya je.

Bayan an sha an yi addu'a, Baba ya ce wa Maigari a gaban jama'a ya mayar da tsaron kurmi, a ba wani gida, don wanda aka yi wa ƙarya a cikin zaurensa bai cancanci riƙon amana ba. Maigari ya ce ya karɓa. Sannan ya waiwaya yana nemana, ina can bayan mutane ina ƙoƙarin zama ƙarami.

"Mai dubu, matso. Kai na ba. Duk shekara in an gama girbi ka shiga ka ƙirga, ka zo ka faɗa mini a gaban mutane. Ranar da ɗaya ya ɓace ba ka san inda ya tafi ba, kai da garin ga kun rabu."

Mutane suka yi dariya, ta farko da na jawo cikin wata biyar, kuma ba ta yi mini daɗi ba. Kaka ta ce ita dai ta ga ta kanta, an ba mijinta sarautar itace.

Gefen gabas bai koma yadda yake ba. Rairayi ya shigo ta giɓin ya cinye gonaki biyu kafin geza da sabarar da muka kare da ƙaya su kama ƙasa. Ƙiryoyin da suka tsiro a wurin, yanzu ne hannuna ya daina zagaye su, ni kuwa gemuna ya yi fari fat. Wanda yake ganin sare gefe ɗaya ba komai ba ne, ya je ya tsaya a wurin ya auna shekarunsa.

Da lokacin girbi ya zagayo na shiga da kaba da ƙwarya na ƙirga, yini biyu, ban bi gafiya ba, ban kalli zuma ba. Kafin in je wurin Maigari na biya ta zaure na durƙusa.

"Baba, ɗari da talatin da huɗu. Babu wanda ya ɓace."

Ya ce, "To." Ya jawo sandarsa ya miƙe.

Na ce, "Ina za ka, Baba?"

"Kwance kaba."

Na bi shi a baya. Itace bayan itace yake tsayawa, ya jingina sanda, ya kwance kabar da na ɗaura, ya sa a aljihu, ya ja ƙafar nan zuwa na gaba. Abin da na yi a yini biyu ya ɗauke shi huɗu. Da ya gama ya zauna a gindin tsamiya ya ƙirga kabar ɗaya-ɗaya, ya ce daidai ne, ka tafi ka faɗa. Na ɗauka shekarar farko ce kawai. Shekara goma sha tara ya yi yana wannan zagaye a bayana, har wadda ya rasu a cikinta. Ko sau ɗaya bai sami kuskure ba, kuma ko sau ɗaya bai ce mini bana ya yarda ba.